Kwalba da Karau: Tarihin Gilashi Tsakanin Bida da Garwa

Garin Garwa yana bakin Kogin Binuwai, a wurin da a da manyan jiragen ruwa kan kai da damina su juya. Tun da jirgin Baikie ya ratsa kogin a 1854, hanyar ta buɗe wa hajar Turai, har da duwatsun wuya da kwalabe. Fataken Hausa da suka zauna a ƙasar Adamawa suna cikin masu rarraba wannan haja zuwa kasuwannin karkara.

Sai dai gilashi ya riga jiragen zuwa Afirka ta Yamma. Haƙe-haƙen da aka yi a Igbo Olokun ta Ile-Ife sun nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ana dafa gilashi a can da kayan gida. A Bida kuwa, Masaga, maƙeran gilashi na ƙasar Nufe, sun shahara da haɗa yashi da kanwa su fitar da baƙin gilashin da suke kira bikini, wanda da shi ake yin karau da duwatsun ado.

Hikimar kanwa a nan ita ce, yashi tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da wutar itace ba ta iyawa. Kanwa ce ke sauko da wannan mizani. Idan narkakken ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ba sa samun sukunin jeruwa sahu-sahu kamar na gishiri, sai su daskare a hargitse. Shi ya sa gilashi ba ya narkewa farat ɗaya. Laushi yake yi a hankali kamar ƙaro, har maƙeri ya naɗe shi a jikin sandar ƙarfe. Wannan hali ne kuma ya sa ana iya sake narka shi sau da yawa bai lalace ba.

Da kwalaben Turai suka yawaita, Masaga suka koma kansu, domin fasasshiyar kwalba ta fi yashi saurin narkewa, ga ta da launi a shirye. Aiki ya yi sauƙi, amma dafa gilashi daga yashi ya ja da baya. Nadel ya bayyana sana'ar tasu a littafinsa na 1942, kuma a 2021 UNESCO ta saka Bida cikin biranen fasahar hannu.

A Garwa, kwalba ta bi wata hanya dabam. Ta lemo tana komawa kamfani a wanke a sake cikawa, sauran kuwa masu gyaɗa da zuma da fetur ne ke sayensu. Masana'antar da ke narka gilashi, wato SOCAVER, tana Duwala, fiye da kilomita 1,000 a mota. Saboda haka kwalbar da ta fashe a Garwa galibi juji take nufa, alhali a Bida irinta ce jarin maƙeri.