Askar Okam da Nauyin Kawo Hujja

Ƙa'idar da masana falsafa ke jingina wa Wiliyam na Okam, malamin Kirista ɗan Ingila da ya rasu a wajajen 1347, gajeriya ce: idan bayani biyu suka yi kunnen doki wajen warware al'amari guda, a fifita wanda bai buƙaci ƙirƙiro abubuwa da yawa ba. Ana kiranta askar Okam. Mutane da dama sun ɗauke ta a matsayin da'awar cewa halitta ita kanta mai sauƙi ce, kuma wannan fahimta ce ta jawo mata yawancin sukar da take sha. A ganina ƙa'idar magana take a kan wanda nauyin kawo hujja ya hau kansa. Duk wanda ya ƙara wani abu a cikin bayaninsa ya ci bashi, kuma da shaida kaɗai ake biyansa. Ɗaliban fiƙihu sun san irin wannan tunani, domin a wurinsu ma mai da'awa shi ke kawo shaida.

Tarihin Urbain Le Verrier, masanin taurari na Faransa, ya isa misali. Bayan gano duniyar Yuranus a 1781, masana sun lura tafiyarta tana saɓa wa abin da lissafin Newton ya nuna. Hanya biyu ce a gabansu: ko a ce dokar Newton ta gaza, ko a ce akwai wata duniyar da ba a gani ba wadda ke fizgarta. Le Verrier ya zaɓi ta biyu, ya lissafa inda za a duba, ya aika wa masanin taurari Johann Galle takarda a Balin. A daren 23 ga Satumba 1846 Galle ya hango duniyar Neftun dab da wurin da aka ambata. Abin lura shi ne Le Verrier ƙari ya yi, kuma bai saɓa wa Okam ba, domin ƙara duniya guda ya fi sauƙi a kan rushe dokar da ta daɗe tana bayyana tafiyar wata da hawa da saukar teku. Ga shi kuma ƙarin nasa abu ne da madubin hangen nesa zai iya gaskatawa ko ƙaryatawa.

Masu suka za su ce a ƙarasa labarin, kuma suna da gaskiya. A 1859 shi dai Le Verrier ya nuna cewa duniyar Makyuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, ita ma tana ɗan kauce wa lissafi. Ya sake bin hanyar da ta fisshe shi, ya ce akwai wata duniya tsakaninta da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. An shafe shekaru ana nemanta, musamman lokacin husufin rana, ba a same ta ba domin babu ita. Sai a 1915 Einstein ya warware matsalar da sabuwar nazariyyarsa, wato a wannan karon dokar Newton ce ke buƙatar gyara. Shin ba askar ce ta ɓatar da masana ba? Ban yarda ba. Abin da ƙa'idar ta nuna musu shi ne bayanin da ya kamata a fara gwadawa, kuma gwada Bulkan da farko daidai ne. Da bincike ya maimaitu ba a ga komai ba, ƙa'idar nan ce kuma ta wajabta a saki Bulkan, tunda riƙe ta na buƙatar sabon uzuri bayan kowane husufi.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ba a yi ittifaƙi a kan ma'aunin sauƙi ba. Lissafin Einstein ya fi na Newton wuya nesa ba kusa ba, amma bai buƙaci ƙirƙirar wata duniya ba. To wanne ne mai sauƙin? Wannan matsala ce ta gaske, kuma har yau ana muhawara a kanta. Sai dai abin da Okam ke ƙirgawa shi ne yawan abubuwan da aka ɗauka ba tare da shaida ba, wahalar fahimta kuwa matsalar mai karatu ce. Haka abin yake a asibiti. Likita na fara neman cuta guda da za ta bayyana zazzaɓi da ciwon kai da kasala, amma ya san mutum ɗaya na iya ɗauke da maleriya da taifot a lokaci guda. Idan gwajin jini ya nuna biyun, ƙa'idar ba ta ba shi izinin runtse ido daga ɗaya ba. Abin da ta hana shi kawai shi ne rubuta maganin cuta ta uku wadda babu alama ko gwajin da ya nuna ta.