Coci da dandalin rawa: tsohuwar rigimar da masu kwaikwayon Elvis suka gada

Wani dare a fadarmu nan Maraɗi, muna jiran shayi na biyu, sai wani ƙanena ya miƙo mani waya ya ce, "Yaya, dubi wannan." Wani Ba'amurke ne cikin farar riga mai ƙyalƙyali, ya tayar da suma irin ta marigayi Elvis Presley, yana karkaɗa ƙafa mata suna ihu. Can sai kiɗa ya lafa, ya rufe ido ya shiga waƙar coci. Jama'a suka yi tsit, wasu har da share hawaye. Yaron ya ce, "To wannan addu'a yake yi ko wasa?" Ban ba shi amsa a daren ba, domin tambayar ta girmi mutumin da ke cikin wayar, ta girmi shi kansa Elvis.

A kudancin Amurka, farkon ƙarnin da ya wuce, majami'u da yawa, musamman na baƙar fata, suna kiran blues kiɗan shaiɗan. Mawaƙi sai ya zaɓa: coci ko mashaya. Dattawan coci suna kafa hujja da gargaɗin Linjila a kan bauta wa iyayengiji biyu, abin da mu za mu ce ba a tauna taura biyu a baki. Abin mamaki, mutumin da ake kira uban waƙoƙin bishara na baƙar fata daga mashayar ya fito. Thomas Dorsey, wanda aka haifa a 1899 a jihar Jojiya, ɗan mai wa'azi ne, amma ya yi suna yana kaɗa fiyano wa mawaƙiya Ma Rainey, kuma a 1928 ya fitar da faifai mai habaicin batsa wanda ya samu kasuwa ƙwarai. A Agustan 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ya bi ta. Cikin wannan baƙin ciki ya rubuta "Take My Hand, Precious Lord". Ya rabu da mashaya, amma salon kiɗanta ya biyo shi cikin coci, shi ya sa fastocin Shikago da yawa suka ƙi waƙoƙinsa da farko. Yau ana rera su a majami'un duniya.

Wasu sun tsaya ɓangare ɗaya. Mahalia Jackson ta ƙi rera blues, ta ƙi gidajen rawa, duk kuɗin da aka yi mata tayi. Sam Cooke kuwa ɗaya hanyar ya bi. Yana cikin ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers lokacin da ya fitar da faifansa na farko na soyayya a 1957, sai ya sa masa sunan Dale Cook don kada mutanen coci su gane. Muryar ta tona shi.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mani a rai shi ne Little Richard. A Oktoban 1957, yana kan ganiyarsa, yana yawon wasa a Ostireliya, ya ga wata wuta ta ratsa sararin sama. A makon ne Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, amma shi ya ɗauki abin gargaɗi daga Allah. Ya jefa zobensa mai tsada cikin ruwa, ya katse yawon, ya shiga makarantar Oakwood ta cocin Adventist a jihar Alabama don karatun addini. A 1962 ya koma dandali a Ingila. A 1977 ya sake bari ya shiga tallan Littafi Mai Tsarki, daga baya ya sake dawowa. Haka ya yi ta kai da kawowa har rasuwarsa a 2020, aka binne shi a maƙabartar wannan makaranta ta Oakwood.

Elvis bai taɓa zaɓa ba, ya rungumi biyun. An haife shi a 1935 a garin Tupelo, ya tashi a cocin Assembly of God inda ake waƙa da tafi da motsa jiki. Fastoci sun yi ta tsine wa rawarsa a kan mimbari. Ranar 6 ga Janairun 1957, a shirin talbijin na Ed Sullivan, daga ƙugu zuwa sama kaɗai aka nuna shi, kuma a daren ya rufe da "Peace in the Valley", waƙar da Dorsey ɗin nan ya rubuta. Kyaututtukan Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin bishara ne, babu ko ɗaya ta kiɗan da ya sa aka kira shi sarki. Mawaƙan da ke yi masa amshi sun sha ba da labarin yadda bayan an tashi wasa yakan tara su a masauki su yi ta waƙar coci har asuba. Duk da haka bai tsira ba. Shan magunguna fiye da kima ya cinye lafiyarsa, ya rasu ranar 16 ga Agustan 1977 a gidansa na Graceland a birnin Memfis, yana da shekara 42.

Bayan rasuwarsa kwaikwayonsa ya zama sana'a. Tun 2007 kamfanin da ke kula da gadonsa yana shirya gasar masu kwaikwayo a Memfis cikin makon tunawa da shi, makon da dubban masoya ke kwana riƙe da kyandir a ƙofar gidan. Nan ne kirista mai wannan sana'a ke da nauyi biyu. Na farko tsohon ne, wato rawa da mashaya da gidajen caca. Na biyu sabo: yana sanye da rigar mutumin da wasu ke girmamawa kusa da bauta, kuma ihun da ake yi masa na mamaci ne. Masu sana'ar da ke riƙe da addini sukan ce aiki ne na ciyar da iyali, kuma idan suka zo kan waƙar bishara, mutanen da ba sa zuwa coci suna jin sunan Allah. Masu suka kuma suna cewa an mai da addu'a wani ɓangare na wasa, tsakanin waƙar soyayya da ta rawa.

A ganina tarihin bai goyi bayan kowa gaba ɗaya ba. Kiɗan da aka tsine wa a zamanin Dorsey shi ne ya zama kiɗan coci, don haka sautin kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba. Amma wahalar Little Richard da ƙarshen Elvis sun nuna dattawan nan ba tsoron banza suke ji ba, dandali yana cin mutum.

Da muka sake haɗuwa a fada na ce wa ƙanen nawa: suma da riga da murya duk aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Niyya ce kaɗai ba ya iya arowa daga Elvis. Idan ya rufe ido yana waƙar nan, ko addu'a ce ko wasa, daga shi sai Ubangijinsa suka sani. Yaron ya yi shiru, ya mayar da bidiyon baya zuwa inda kiɗan ya lafa.