Tashar Jiragen Ruwa ta Apapa: Ƙofar Zazzau da ke bakin teku

Birnin Zariya yana da ƙofofi sanannu, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Sai dai fiye da shekara ɗari ke nan ƙofar da manyan kayan fataucin Zazzagawa suka fi bi tana can Ikko, fiye da kilomita 800 daga ganuwa. Ita ce tashar jiragen ruwa ta Apapa. Keken ɗinki da babur da alkamar burodi, galibinsu sai sun ratsa ta ko maƙwabciyarta ta tsibirin Tin Can kafin su iso hannun mai saye.

Yadda aka gina ta

A da, tarin yashi ne ya tare bakin da ruwan Legas ke haɗuwa da teku, don haka manyan jirage sukan tsaya a waje, a yi ta jigilar kaya da ƙanana. Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu cikin teku, aka yashe mashigar, har babban jirgi ya iya shiga a 1914. An soma gina matsayar jirage a Apapa a 1921, aka kammala huɗu na farko a 1926. Hukumar kula da tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, wato NPA, ta kama aiki a 1955.

A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da ƙima, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Alaƙarta da Zazzau

Layin dogo ne ya ƙulla zumuncin. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma daga 1912 aka sami hanyar jirgi har Ikko. A bayan ganuwa aka kafa tasha, Sabon Gari ya bunƙasa a gefenta. Auduga da gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa gangarawa teku, gishiri da yadi da kananzir suna haurowa. Fataken goro ma sun ci moriyar teku. Alhaji Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka riƙa ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau zuwa Ikko.

Masu cin abinci a tashar

Babban jirgi ba ya shiga da kansa. Ƙwararren matuƙi na hukumar NPA, wanda ya san zurfin mashigar, shi ke hawa ya yi masa jagora, ƙananan jirage masu ƙarfi kuma su ja shi su jingina shi da gaɓa. Daga nan sai masu sarrafa injinan ɗaga kwantena da leburori su karɓi aiki, dare da rana. Tun 2006 kamfanoni masu zaman kansu, irin su APM Terminals, ke gudanar da wannan sashe bisa yarjejeniyar haya.

Bayan sauke kaya, wakilin mai kaya ne ke bin takardu, ya biya kuɗin fito, jami'an kwastan su duba, sannan direban tirela ya ɗauka. 'Yan Arewa da yawa suna cikin direbobin da yaran mota da 'yan dako da masu shayin da ke ciyar da su. Muhimmin abu ga ɗan kasuwa shi ne lokaci. Kamfanin jirgi yakan ba da 'yan kwanaki kyauta. Da sun cika, kowace rana akwai kuɗin jinkiri, ga kuɗin ajiya na tasha. Duk wannan a kan farashin kaya yake ƙarewa, mai saye a kasuwar Zariya shi ke biya. Don rage layin tireloli ne aka soma kiran motoci ta manhajar Eto a 2021, aka kuma buɗe tashar kan tudu a Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano da tashar Lekki mai zurfi a 2023.

Masu shaƙatawa

Ruwan da ke ciyar da lebura shi ne kuma filin wasan masu hali. An kafa ƙungiyar Lagos Yacht Club a 1932, mambobinta suna tseren jirage masu tafiya da iska a cikin harabar tashar. Takwararta ta masu jiragen inji, Lagos Motor Boat Club, tana Ikoyi tun 1950. A ranakun hutu jama'a sukan hau kwalekwalen inji zuwa Tarkwa Bay, gaɓar da ke kusa da mashigar, inda katangun duwatsun nan suka kwantar da igiyar ruwa. Katangun dai su ne suka tare yashin da ke zuwa gaɓar Bar Beach, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru. Gyaran wani, ɓarnar wani.

Zaman giwa da zomo a hanya ɗaya sai da ƙa'ida. Babban jirgi ba ya tsayawa nan take, kuma ba ya iya kauce wa mashigar da aka yashe masa, saboda haka dokar teku ta ɗora wa ƙaramin jirgi nauyin ba shi hanya. Hukumar ruwa ta Jihar Legas kuma ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya. Baƙon da ya je daga Arewa, musamman wanda bai iya iyo ba, kada ya ɗauki wannan da wasa.

Zariya ba ta da teku, amma a cikinta aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a 1986, inda ma'aikatan sufuri, har da na tashoshin ruwa, ke zuwa ƙaro ilimi.