Allura Da Kayan Tashe A Ƙofar Kware

Mai karatu, Ƙofar Kware ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A wancan zamani mata ke kaɗin zare, ɗinki kuwa aikin maza ne. Sai bayan Turawa sun ci garin a 1903 keken ɗinki ya yaɗu, har ya shiga ɗakunan mata. Daga nan in azumi ya kai goma, uwa kan yanka tsohon zanenta ta ɗinka wa ɗanta 'yar riga da rawanin tashe, a liƙa masa gemun auduga. Yau gwanjo ya cika kasuwa, allura ta koma ƙasan adaka. Wadda ba ta koya wa 'yarta ɗinki ba, wa zai ɗinka wa jikokinta?