Keke Da Kuza: Barikokin Da Iyayenmu Suka Zaga

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa muna so mu waiwayi wata hanya da wasu daga cikin iyayenmu suka bi kafin Allah ya zaunar da su a nan Gombe, wato hanyar barikokin kuza na ƙasar Jos. Akwai gidaje a unguwar nan da jarinsu na farko a bayan keke aka tara shi, daga wannan bariki zuwa wancan. Yaranmu ba su san wannan ba, tsofaffin da suka sani kuwa kullum raguwa suke yi.

Da farko dai, ba Bature ne ya fara gano kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansa mutanen Ririwai ta ƙasar Kano, da 'yan'uwansu na Liruwain Delma ta ƙasar Bauchi, suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. A hannun fataken nan Turawan kamfanin Niger Company suka gan ta a bakin Binuwai, suka yi ta bin sawu. Tsakanin 1902 da 1904 mutanen kamfanin, cikinsu har da Kanar Laws, suka iso Tilden Fulani da Naraguta. Kafin a je ko'ina kamfanoni sun raba filayen, sana'ar mutanen Ririwai ta mutu.

Da fari a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai, tafiyar wajen mil 200. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya hau dutsen ta Kafanchan. Wajen 1930 kamfanin NESCO ya fara ba da lantarki daga Kurra Falls domin injunan haƙa. To amma duk da injuna, ƙarfin aikin yana wuyan lebura mai diga da shebur da kwanon sarki. Me ya kai talakan Kano da Katsina da Sakkwato da Barno can? Haraji. Bature ya ce da kuɗinsa za a biya, kuɗin kuwa a bariki yake. Sai mutum ya gama girbi ya tafi cin rani, wani ya komo da damina, wani kuwa shi ke nan ya zama ɗan bariki.

Inda duk lebura ya karɓi albashi, ɗan koli na nan tsaye. Barikokin a warwatse suke cikin duwatsu, mota ba ta shiga ko'ina, tafiyar ƙasa kuma ba ta kai mutum bariki uku a yini. A nan keke ya yi ranarsa. Mutum zai sari kaya a Jos ko Bukuru, ya ɗaure akwati a kariya: allura da zare, madubi, kwalli, sabulu, ashana, turare, goro, wani lokaci da 'yan turamen atamfa. Ya san ranar biyan kowane bariki kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Wanda ba shi da kuɗi a ba shi bashi, heluma ya tsaya masa, ran biya a karɓa. Raleigh shi ne sarkin kekuna, sai Hercules, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha. Keke a lokacin ba abin wasa ba ne, har lasin ake yankar masa a ofishin En'e. Kuma ɗan koli ba kaya kaɗai yake ɗauka ba. Shi ne mai kai wasiƙar ajami, shi ne mai kawo labarin rasuwa ko haihuwa daga gida, shi ake damƙa wa kuɗin haraji ya ba wani mai tafiya.

Zamanin da tsofaffi ba su son tunawa shi ne na yaƙin Hitila. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta sa aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa, har da lardin Bauchi wanda Gombe ke cikinsa. Mutumin da ya saba da zafi aka kai shi kan dutse cikin hunturu, ba bargon kirki, ba abincin kirki. Da yawa ciwon haƙarƙari ya kwashe su, wasu suka gudu cikin dare. A 1943 aka fitar da kuza fiye da ton 17,000, abin da ba a sake yi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a can ba a san kabarinsu ba, amin.

Bayan yaƙi an sake samun wani tashe a farkon shekarun 1950, da Amurka ta shiga sayen kwalambayit, wani ma'adini da ake samu tare da kuza. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza a Makeri. Daga nan sai rana ta fara yin yamma. Kuzar da ke sama-sama ta ƙare, ta ƙasa kuwa haƙo ta sai da kuɗi mai yawa. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan. Abin da aka yanke a Landan, a tukunyar matar lebura a Dorowa aka ji shi.

Mu ƙarshen abin muka tarar. A farkon shekarun 1990, muna samari, mukan ɗora kekunanmu a babbar mota daga nan Gombe, mu bi ta Alkaleri da Dindima da Bauchi da Toro, mu sauka Bukuru. Daga nan sai feda: Bisichi, Barikin Ladi, Dorowa, mu karkata Gindin Akwati ta wajen Kurra Falls. Mai karatu, wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bai san keke ba sai ya je can. Hawa ɗaya sai ka sauka ka tura, gangara kuma in birkinka ba shi da kyau sai dai salati. Famfo da gam da faci ba sa rabuwa da aljihu. Da asuba ruwan alwala kamar ya yanke yatsa.

Abin da mai mota ba zai gani ba, mai keke yana ganinsa. Ga tulin jar ƙasa kamar duwatsu, ciyawa ma ta ƙi fitowa a kai. Ga kududdufai ɗaruruwa, ruwa shuɗi lumui, amma zurfinsu ya ci mutane da dabbobi ba adadi. Ga gidajen Turawa na dutse rufi ya yaye, ga ƙarafan injuna sun yi tsatsa, ga layin bishiyoyin turare da aka dasa don gyaran ƙasa. A gefe kuma ga 'yan ƙasa, Birom, cikin shingen ƙyarana suna noman acca a ɗan abin da ya rage musu. Sai mun ga haka muka gane cewa kuzar da ta ba iyayenmu jari, su gonakinsu ta ci. Wasu, Hausawa da Birom, sun mai da ruwan kududdufan na noman rani: dankalin Turawa, kabeji, karas, tumatir. Wasu kuma suna ta haƙa da hannu, rami kamar rijiya, yana rubzawa da su.

Sunayen wuraren ma abin lura ne. Dorowa, Gindin Akwati, Sabon Gida, Mai Adiko, duk bakin Bahaushe ne ya raɗa su. Amma masu ƙasa suna da nasu, Barikin Ladi ma Gwol suke ce mata. Muddin akwai albashi ba wanda ya damu da wannan. Da abinci ya ƙare sai aka fara tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010 kowa ya sani. An zubar da jinin Musulmi da na Kirista, ƙauyukan da muka sha ruwa a cikinsu wasu sun zama kufai, hanyoyin da muka bi ba fargaba suka zama sai an yi tambaya kafin a bi. Wasu da suka tsira suna tare da mu a sahun salla.

To, ina darasin yake gare mu? Gombe ma ta taɓa dogara da abu guda. Garin nan a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta cikinsa daga Nafada. Auduga ce ta cika shi da baƙi, aka kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963. Yau ina audugar? Masaƙun Kaduna da ke saye sun rufe. Abin da ya hana Gombe zama kamar bariki shi ne ba a ƙafa ɗaya ta tsaya ba. Ga hatsi da wake a Tudun Hatsi, ga dabbobi, ga hanyoyin Yola da Biu da Potiskum da Bauchi sun haɗu a nan, ga siminti a Ashaka, sannan a ran 1 ga Oktoba 1996 aka ba mu jiha.

Saboda haka muna kira ga ƙungiya da iyayen yara da abu uku. Na ɗaya, kada gida ya tsaya a kan sana'a guda. In wannan yana kasuwa, wancan ya koyi aikin hannu, wani ya yi karatu, na allo da na boko. Na biyu, mu riƙe mutuncin waɗanda muka tarar, Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da sauransu. A je musu biki, a je musu gaisuwar rasuwa, a yi ciniki da amana tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a sa samari su zauna da tsofaffin da suka yi zaman bariki, su rubuta sunayen garuruwa da shekaru da abin da suka gani, a ajiye a ofishin ƙungiya. In akwai mai tsohon keken mahaifinsa a zaure, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.