Daga Bular Wanki Zuwa Shamfun Furfura

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai wanki da guga ya san yadda ake kammala wankin farar riga. Bayan an cuɗa an ɗauraye, sai a ɗebo ruwa mai tsabta a bokiti, a zuba 'yar bula a motsa har ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, a tsoma rigar, a matse, a shanya. Shaddar da ta fara dafewa saboda yawan sawa sai ta fito fara ƙal. Alhali bular ba ta cire ko ɗigon datti ba, rawayar da ke jikin yadin kawai ta ɓoye wa ido. Wannan tsohuwar dabara ce ke cikin kwalaben shamfu masu launin shunayya da ake sayar wa masu furfura a yau, daga Landan zuwa Jidda zuwa manyan kantunan Abuja, kuma da kuɗi masu kauri.

Furfura na fitowa ne idan ƙwayoyin da ke samar da launi a tushen gashi suka daina aiki. Silin da ya tsiro bayan nan ba ya ɗauke da sinadarin melanin mai baƙanta gashi, saura zallar keratin, wanda shi kansa yana da ɗan sirkin rawaya. Baƙin gashi na haɗiye duk abin da ya hau kansa ba a gani, amma farin gashi ba ya rufa wa kowa asiri. Hasken rana na lalata wasu sinadaran cikinsa su koma rawaya. Hayaƙin taba da na itacen girki na kama shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ƙarfe a ciki na barin tabo, haka zafin injin busar da gashi da ragowar man da aka shafa. Shi ya sa dattijon da ya kamata gemunsa ya yi fari tas wani lokaci za a ga ya yi ruwan ɗorawa a gefen baki.

Maganin da aka samo na ido ne. Tun 1704 Isaac Newton ya jera launuka a kan da'ira a littafinsa na nazarin haske, masu zane da marina kuma suka daɗe da lura cewa launuka biyu da ke fuskantar juna a irin wannan da'ira suna kashe wa juna kaifi. Kishiyar rawaya ita ce shunayya, shuɗi kuma na maƙwabtaka da ita. Idan aka ɗora ɗan kaɗan a kan abin da ya yi rawaya, ido sai ya ga fari mai sanyi.

Matsalar ita ce shuɗi mai kyau ya daɗe yana da tsadar tsiya a Turai. Mafi daraja shi ne wanda ake niƙowa daga wani dutse da ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan na Afganistan, wanda a wasu lokuta farashinsa ke gogayya da na zinariya, har masu zane kan keɓe shi ga sura mafi girma a cikin zanensu. A 1824 wata ƙungiyar ƙarfafa masana'antu a Faransa ta sa ladar faran 6,000 ga duk wanda ya haɗa irinsa da araha. Jean-Baptiste Guimet ne ya ci kyautar a 1828, a daidai lokacin da Christian Gmelin na Jamus ya fitar da tasa hanyar. Kayan haɗin ba wasu na a zo a gani ba ne: farar ƙasa, kanwa irin ta masana'anta, kibiritu da gawayi, a gasa su a tanderu. Cikin 'yan shekaru launin da ake aunawa kamar zinariya ya koma abin sayarwa a buhu.

Daga nan ya gangaro hannun masu wanki. Isaac Reckitt, wanda ya fara sana'ar sitaci a garin Hull na Ingila a 1840, ya ƙara bular wanki cikin hajarsa a farkon shekarun 1850. Jiragen ruwan 'yan kasuwa suka yaɗa ta ko'ina cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma Robin Blue da aka sani a kasuwannin Najeriya daga wannan gida ya fito. A Amurka an yi Mrs. Stewart's Bluing, ruwan bula da ake sayarwa tun shekarun 1880. Ba a daɗe ba matan gida suka gano cewa abin da ya faranta zanen gado zai faranta jelar farin doki, ya kuma faranta kan kaka. Ɗigo biyu ko uku a ruwan ɗauraya na ƙarshe, shi ke nan.

A wancan zamani shi kansa wankin kai bai zama abin da aka sani yau ba. Sake Dean Mahomed, mutumin Patna ta Indiya da aka haifa a 1759, shi ya shigar da sunan shamfu bakin manyan Ingila lokacin da ya buɗe gidan wankan tururi a Brighton wajen 1814, har ya yi wa Sarki George na Huɗu da William na Huɗu hidima. Amma abin da yake yi tausa ce da mayuka. Wankin gashi kuwa da sabulu ake yi, sabulu kuma idan ya haɗu da ruwa mai gishirin ƙasa yana barin wani dusashe-dusashe a gashi. A baƙin gashi ana iya haƙuri da shi, a fari kuwa sai kan ya yi kamar an bi ta cikin toka. Shi ya sa ake bin sa da ruwan lemon tsami ko ruwan khal. Hans Schwarzkopf, mai kantin magani a Balin, ya fitar da shamfu na gari a 1903, kamfaninsa ya kawo na ruwa a 1927. A 1934 Procter & Gamble ya fito da Drene, wanda aka haɗa da sinadaran wanki na masana'anta maimakon sabulu, matsalar dusashewa ta ragu sosai.

Tsakanin shekarun 1930 zuwa 1960 ɗauraye kai da shuɗi ya zama sana'a a shagunan gyaran gashi na Ingila da Amurka. Mace mai furfura kan je shago duk mako a wanke, a ɗauraye da ruwa mai launi, a naɗe gashin. Kamfanoni irin su Roux sun yi ta haɗa ruwan ɗauraya kala-kala don farin gashi. Sai dai hannu kan zarce. Gashin da ya tsufa ko ya sha sinadari yana tsotse launi fiye da ƙima, don haka tsofaffi da yawa suka riƙa fitowa da kai shuɗi ko shunayya sosai. A Ingila har abin ya zama laƙabin zolaya ga dattijan mata masu hidimar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Zolayar ba ta yi musu adalci ba. Waɗannan mata sun yarda da furfurarsu, gyara ta kawai suke nema, a lokacin da wata sana'a mai ƙarfin jari ke shirin koya wa 'ya'yansu jin kunyarta.

Wannan sana'a ita ce ta rini. Eugène Schueller, matashin masanin sinadarai a Paris, ya haɗa rinin gashi a 1907, ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal a 1909. Amma da farko mace mai mutunci ba ta yarda a san tana rini, wasu shagunan har ƙofar baya suke da ita saboda masu zuwa a ɓoye. Abin ya juya ne a 1956, lokacin da Clairol ya fitar da rinin da mace za ta iya yi a gida, wata marubuciyar talla mai suna Shirley Polykoff ta gina masa tallar da ke nuna cewa ba wanda zai gane sai mai gyaran gashinta. Daga baya wata tallar kamfanin ta fito fili tana kiran mata su tsani furfura su wanke ta. An ƙiyasta cewa matan Amurka masu rini sun tashi daga kusan kashi 7 cikin 100 a shekarun 1950 zuwa sama da kashi 40 a shekarun 1970. Maza ma ba a bar su ba: Grecian Formula ya shigo kasuwa a 1961, yana baƙanta furfura a hankali da wani sinadari mai dalma a ciki. Sai a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke shawarar janye izinin sa wannan sinadari a rinin gashi. Fiye da shekara hamsin maza suka yi suna shafa dalma a kai don kada a ga shekarunsu.

Duniyar Musulmi ta bi wata hanyar daban. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sauya launin amma a nisanci baƙi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar na rini da lalle haɗe da ganyen katam, Sayyidina Umar kuwa da lalle zalla. A gefe guda akwai hani ga tsige furfura da bayanin cewa haske ce ga Musulmi. Daga wannan tushe ne jan gemun dattijai ya fito, wanda ake gani a sahun gaba na masallatan Kano, Zinder da Khartum. Jan lalle ba ya yaudarar kowa, duk wanda ya gani ya san furfura ce a ƙasa, an yi mata ado ne.

Matan Hausa kuwa suna da nasu shuɗin tun kafin bula ta iso. Shuni, wanda ake samu daga baba a wuraren rini irin marinar Ƙofar Mata ta Kano, ana shafa shi a kai lokacin kitso don gashi ya ƙara duhu da sheƙi. Abin damuwa shi ne wanda ya maye gurbinsa. Dayis da ake rina gashi da shi, ake kuma zana baƙin lalle da shi a fata, galibi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda likitocin fata suka daɗe suna gargaɗi cewa yana jawo wa wasu kumburi, ƙaiƙayi da ƙuruje masu ruwa. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa, yawanci ƙiyayyar na nan har ƙarshen rayuwa.

A Yamma furfura ta dawo da martabarta ta hanyar da ba a zata ba. Kullen korona na 2020 ya rufe shagunan gyaran gashi na watanni, fararen saiwoyi suka fito, mata da yawa suka duba madubi suka ga ba laifi. 'Yar fim Andie MacDowell ta bayyana a bikin fina-finai na Cannes a 2021 da gashinta mai furfura, jaridu suka yi ta magana. A 2022 kuma aka sallami Lisa LaFlamme, fitacciyar mai karanta labarai a tashar CTV ta Kanada, wadda ta daina rini lokacin kullen. Rahotannin jaridu sun ce wani shugaba a tashar ya taɓa tambayar wanda ya amince ta bar furfurarta, kamfanin kuma ya musanta cewa gashi ko shekaru ne dalili. Ko ma mene ne gaskiyar, fushin da jama'a suka nuna ya tabbatar da cewa zamani ya juya. Kamfanonin da suka kwashe shekaru suna sayar da maganin ɓoye furfura su ne yanzu suka cika kanta da kayan kula da ita, Clairol kansa na da Shimmer Lights, ɗaya daga cikin sanannun shamfu masu shunayya.

Abin da ke cikin kwalbar ba asiri ba ne. Sinadarin wanki ne da ɗan launi, sau da yawa wanda ake rubutawa Acid Violet 43 ko CI 60730 a bayan kwalba. Yana cikin zuriyar launukan masana'anta da suka samo asali a 1856, lokacin da William Perkin, yaro ɗan shekara 18 a Landan, yake ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwalta sai ya ƙare da rini mai launin shunayya. Launin na zama ne a bayan silin gashi, yana fita bayan wanki kaɗan. Ba ya hana furfura fitowa, ba ya mayar da ita baƙa, ba ya kuma yin komai a kan da yawancinsa baƙi ne da 'yan tsillin fari.

Ga mai gashi irin na yawancin mutanen Afirka akwai ƙarin abin lura. Gashi mai murɗewa ba ya barin maiƙon fatar kai ya gangara har ƙarshen sili, furfura kuma ta fi baƙin gashi saurin bushewa, balle a lokacin hunturu. Shamfu mai kumfa da yawa, irin mai sinadarin sulfate, na ƙara kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Saboda haka wanda furfurarsa ta cika ta kuma fara rawaya, sau ɗaya a mako ya ishe shi da mai shunayya, na minti biyu zuwa biyar, ya ɗauraye sosai, ya bi da man laushi mara launi. Sauran ranaku shamfu mai sauƙi ya wadatar. Idan daga ruwan rijiya tabon yake, shunayya rufe shi kawai za ta yi, gara a sauya ruwan ɗauraya ko a nemi shamfun da aka yi don cire ƙarfen ruwa. Hula da ɗankwali ma suna nasu aikin, tunda suna tare rana da ƙura. Kafin mai saye ya miƙa kuɗinsa, ya juya kwalbar ya karanta abin da aka rubuta a baya, ya kuma fara gwadawa a ɗan ɓangare na gashi kafin ya zuba wa kan gaba ɗaya.