Dodon Bango da Dodon Ƙarƙashin Gada: Tarihin Wata Dariya a Ikko

Duk wanda ya taɓa zama cikin taron 'yan kallo ana nuna fim ɗin ban tsoro ya san wani abin mamaki. Lokacin da jini ya fi kwarara a bango, a lokacin ne jama'a suka fi ɓarkewa da dariya. Wani ya rufe ido da hula, wani ya yi salati, wani ya yi fito, wani kuma ya miƙe tsaye yana yi wa wanda za a yanka ihu ya waiwaya. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan dariya a unguwannin Ikko da Hausawa suka zauna, daga Ebute Metta zuwa Agege, domin a ga inda ta samo asali, da kuma ranar da ta tashi daga zama wasa.

Hausawa sun daɗe a Ikko. A 1863 wani Baturen mulki, John Glover, ya kafa rundunar 'yan sanda da Hausawa, yawancinsu bayin da suka kuɓuta. A zauren da aka sa wa sunansa, wato Glover Memorial Hall, aka fara nuna majigi a Nijeriya cikin watan Agusta na 1903. Kafin nan an riga an soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1896, aka kuma mai da Ebute Metta cibiyar ma'aikatar. Da jirgi ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai fatake suka rage doguwar tafiyar ƙasa, shanu suka riƙa gangarowa Kurmi, goro yana haurawa Arewa. Agege, wadda ke kan hanyar jirgin kuma take da gonakin goro, ta zama zango babba. Daga baya gidajen sinima suka biyo jama'a: Odeon a Ebute Metta, Casino a Yaba, Pen da Danjuma a Agege. A nan dillalin goro da mahauci da ɗan dako suke sauke gajiyar yini da fim ɗin Indiya ko na Sin ko na Amurka.

Ɗaya daga cikin sunayen da Hausawa suka ba sinima tun farkon zuwanta shi ne “dodon bango”, kuma wannan suna yana da abin lura. Bahaushe bai shiga sinima hannu rabbana ba, ya shiga ne da Dodon da ya sani tun yana kwance a cinyar kakarsa. Dodon tatsuniya mai cin mutane ne, yana shanshano warin ɗan Adam, yana haɗiye gari sukutum. Amma kuma wawa ne, domin Gizo yakan yi masa wayo, Auta yakan farke cikinsa mutane su fito da ransu. Yaro yana jin tsoro yana dariya a lokaci guda, saboda ya san ƙarshen labari, ya kuma san cewa da an gama zai kwana lafiya. Akwai kuma wani mai cin mutane da ba a yi masa dariya, wato maye, wanda aka ce yana kama kurwa ya cinye. Bambancin a fili yake. Dodo yana daji, maye kuwa maƙwabci ne, kuma wanda aka jefa da maita yakan rasa mutuncinsa, wani lokaci har da ransa.

Su ma Yarabawa, masu masaukin baƙi, suna da nasu. Hubert Ogunde, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Ebute Metta, kuma wata majami'a ta unguwar ta ɗauki nauyin wasansa na farko a 1944, shi ne ya fito da fim ɗin Aiye a wajen 1980, inda ya nuna taron mayu da dare. Jama'a sun yi dafifi wajen kallonsa, domin abin da suka saba ji a bakin tsofaffi ne suka gani da ido. Gani ya kori ji.

A ƙasashen Turai kuwa, a daidai wannan lokaci ne fina-finan cin naman mutane suka tashe. A 1980 wani Ba'italiye, Ruggero Deodato, ya fito da Cannibal Holocaust, labarin wasu masu ɗaukar hoto da suka shiga dajin Amazon aka cinye su. Hukuma ta ƙwace fim ɗin jim kaɗan bayan an fara nuna shi a Milan, aka zargi mai shi da cewa da gaske aka kashe 'yan wasan, sai da aka tabbatar suna raye sannan aka janye zargin. A Ingila ƙorafin jama'a a kan irin waɗannan kasusuwa ya kai ga dokar tace bidiyo ta 1984. Wasu masu shirya fim kuma suka ɗauki abin suka mai da shi barkwanci. A Bad Taste na Peter Jackson, wanda aka gama a 1987 a New Zealand, wasu halittu ne suka sauko daga sama suna tara naman mutane domin gidajen sayar da abincinsu. A Delicatessen na Faransa, na 1991, mahauci ne mai gidan haya yake yanka masu yi masa aiki yana sayar wa 'yan haya. Dabarar ɗaya ce da ta kaka: a zuzuta abin har ya wuce hankali, sai tsoro ya koma dariya.

Sai dai akwai tambayar da mai tarihi ba zai tsallake ba: wa ake nunawa a matsayin mai cin mutum? A fim ɗin Deodato mutanen daji ne. A littattafan Turawa matafiya na ƙarni na sha tara baƙar fata ne. Olaudah Equiano kuma, a littafinsa na 1789, ya ba da labarin yadda ya firgita ranar da aka hau da shi jirgin bayi, yana zaton Turawa cinye shi za su yi. Mu ma muna da kalmar “yamyam” da muka riƙa laƙaba wa ƙabilun da ke nesa da mu. Ashe kowace al'umma baƙonta take zargi. Bahaushen Agege da ke dariya a sinima shi ma baƙo ne a garin da yake zaune, ko da kuwa a nan aka haifi kakansa.

Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sayo fim daga waje ya yi tsada, gidajen sinima suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma majami'u, wasu ɗakunan ajiya. Bidiyo ya maye gurbinsu. A 1992 Kenneth Nnebue ya fito da Living in Bondage, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri domin ya yi kuɗi, kasuwar Idumota ta cika da ire-irensa. A nan labari ya sauya. Mai cin mutum ya bar daji, ya sa kwat, ya shiga mota. Kuma abin bai tsaya a kaset ba. Tun a 1990 jita-jitar satar al'aura ta game Ikko, aka riƙa yi wa mutane taron dangi a tasha da kasuwa don kawai sun gogi wani, har wasu suka rasa rayukansu. A watan Satumba na 1996 aka nuna kan wani yaro mai tallar gyaɗa a talabijin a Owerri, garin ya kama da wuta, abin da ake kira rikicin Otokoto. Shekara guda bayan haka fim ɗin Blood Money ya fito, jama'a suka kalle shi tamkar labarin jarida.

A watan Fabrairu na 1999 aka kama wani mutum, Clifford Orji, a ƙarƙashin wata gada a Oshodi, aka ce an same shi da sassan jikin mutane. Jama'a suka yi tururuwa zuwa wurin kamar masu zuwa sinima, jaridu suka yi ciniki, sunansa ya zama abin zolaya a bakin 'yan Ikko. An gurfanar da shi gaban kotun majistare ta Ebute Metta, aka tura shi kurkukun Kirikiri. Ya shekara 13 a can yana fama da taɓin hankali, ya mutu a watan Agusta na 2012 ba tare da kotu ta yanke masa hukunci ba. Gari ya riga ya gama shari'arsa tun ranar farko, ya yi dariyarsa ya watse. Waɗanda aka ce an kashe ba a bi musu haƙƙinsu ba, wanda aka zarga ba a saurari ta bakinsa ba. A 2014 kuma, da aka gano gawarwaki a dajin Soka na Ibadan, fushin jama'a ya faɗa kan mahaukatan titi, aka riƙa dukansu bisa zato.

Wannan tarihi yana nuna cewa dariyar ɗan kallo ba laifi ba ce muddin Dodo yana bango, domin da ita mutum yake rage wa tsoro ƙarfi, kamar yadda yaro ke yi a gaban kakarsa. Haɗarin yana zuwa ne ranar da taro ya fito titi da halinsa na sinima, yana neman wanda zai sa wa rigar Dodo, kuma wanda ake samu kullum shi ne baƙo, ko mahaukaci, ko tsohuwar da ba ta da gata. Hausa ta riga ta tanadi suna ga wannan aiki. Wanda ke yi da mutum a bayan idonsa cewa muke yi yana cin namansa, kuma kwatancin ya zo a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, wadda ta haɗa gargaɗi a kan zato da gargaɗi a kan giba. Sinimar Pen ta daina aiki, sunanta ya rage a kan gadar sama da aka buɗe a 2021, amma 'yan kallo suna nan, majigin kuma ya koma cikin wayar hannu. Bahaushen Agege, wanda ya san zafin a zarge shi don baƙuncinsa, shi ya fi cancanta ya tambayi hujja kafin ya bi taro.